Yara da Shan Gware, Manya da Karɓar Kuɗi

A watan Satumbar 2012 an buga wani wasan yara a jihar Massachusetts ta Amurka, tsakanin ƙungiyar Southbridge da ta Tantasqua. 'Yan wasan ba su wuce shekara 10 zuwa 12 ba. An tashi 52 da nema. Kafin a busa tashi, yara biyar daga ɓangaren da aka lallasa sun samu buguwar ƙwaƙwalwa. Yara biyar, a wasa ɗaya. Ga masu horarwa tsaye a bakin fili, ga alƙalan wasa da usur a baki, ga iyaye a kan benci, amma aka rasa mutum ɗaya da zai shiga fili ya ce ya isa haka. Sai da abin ya fita a jaridu aka ji cewa an dakatar da masu horarwar ɓangarorin biyu, an kuma hana alƙalan sake busa wasa. Ihu bayan hari.

Wasan da nake magana a kai shi ne zari-rugar Amurka, wadda ake sa wa hular kwano da sulken kafaɗa. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Ana jera ƙarti sahu biyu suna fuskantar juna a durƙushe, da zarar an miƙa ƙwallo baya sai su afka wa juna, kai da kai, kafaɗa da ƙirji. Wanda ya riƙe ƙwallo kuwa, hanyar tsayar da shi ita ce a maka shi da ƙasa. A ƙwallon ƙafar da muka sani, in 'yan wasa biyu suka yi gware tsautsayi ne, alƙali yakan tsayar da wasa a kira likita. A can da gware ake buɗe kowane zagaye, kuma ana maimaita shi sau goma-goma kafin a tashi. Babbar ƙungiyar wasan yara ta ƙasar, Pop Warner, wadda aka kafa a Philadelphia a 1929, tana ɗaukar yara tun daga shekara biyar. Yaron da bai fara famfara ba, wanda har yanzu uwarsa ce ke ɗaura masa igiyar takalmi, shi ake koya wa yadda zai sunkuya ya rugo ya bangaje ɗan wani.

Ba zan yi kwana-kwana ba. Duk baligin da ya ɗora wa ɗan shekara shida ko tara hular kwano ya tura shi wannan fili, bayan duk abin da aka sani yau, ya ci amanar yaron. Uba ne, koci ne, gwamna ne, duk ɗaya.

Za a ce ai ga hular kwano. Hular kwano an ƙera ta ne don kada ƙoƙon kai ya fashe, kuma tana wannan aikin. Amma ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙashi ba, tana cikin ruwa ne a cikin ƙoƙon kai. Ka zuba kindirmo a ƙwarya, ka rufe, ka naɗe ta da tsumma ninki goma, sannan ka girgiza ta da ƙarfi ka tsaya cak. Ƙwaryar ba za ta tsage ba, amma ka buɗe ka ga yadda kindirmon ya koma. Idan kan yaro yana tafe da gudu ya tsaya nan take, ko ya murɗe gefe, ƙwaƙwalwar tana ci gaba da tafiya a ciki, tana mommotsewa, siraran jijiyoyinta suna miƙewa fiye da ƙima. Babu hular da aka taɓa ƙerawa da ke hana wannan. Ga yaro kuma abin ya fi muni. Kansa ya kusa kai girman na babba tun yana ɗan shekara biyar ko shida, alhali wuyansa siriri ne marar ƙwari, an kuma ƙara masa nauyin hula. Rufin da ke kare jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa bai gama haɗuwa ba, ginin kuwa ba ya kammala sai mutum ya haura shekara ashirin.

An auna yawan dukan. A wani aikin da aka wallafa a 2012, masu bincike na jami'ar Virginia Tech suka saka na'urori a hulunan wasu yara bakwai, 'yan shekara bakwai da takwas. Kowane yaro, a matsakaici, ya sha duka 107 a ka cikin kakar wasa ɗaya, wasu daga ciki kuma ƙarfinsu ya kai irin wanda ake gani a wasan 'yan jami'a. Mafi yawan dukan masu tsanani a wajen atisaye aka same su, wato inda koci ne da kansa yake jera yara ya ce ku yi karo. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta kwatanta yara 'yan shekara 6 zuwa 14 masu buga wasan kayarwa da takwarorinsu masu buga irin wanda ake cire ƙyalle daga ƙugun ɗan wasa maimakon a kayar da shi. Yaro na tsaka-tsaki a wasan kayarwa ya sha duka 378 a ka a kaka ɗaya. Na wasan cirar ƙyalle, 8. Ku sake duba alƙaluman nan biyu, don a kansu duk maganar take tsaye.

Shekara da shekaru hukumomin wasan suna ta hayaniya a kan duka guda mai ƙarfi, wanda ke sa yaro ya ga jiri ko ya suma. Wannan ma gaskiya ne yana kisa. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugu a ka a jihar Washinton, aka mayar da shi fili a wasan nan, ya yanke jiki ya faɗi bayan an tashi, ya rayu da naƙasa mai tsanani. Da sunansa aka yi dokar 2009 wadda ta ce duk yaron da ake zargin ya bugu a fitar da shi, kada ya dawo sai ma'aikacin lafiya ya amince, kuma zuwa 2014 duk jihohi 50 sun yi irinta. Doka ce mai kyau. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Cutar da ake kira CTE, wadda wani gurɓataccen furotin mai suna tau yake taruwa a kewayen ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa yana cinye ta a hankali, ba ta jiran mutum ya suma. Tarin ƙananan dukan nan ne, waɗanda yaro ke miƙewa ya kakkaɓe jiki ya koma sahu, ɗari bisa ɗari, shekara bisa shekara. Ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa, in an yanka ƙwaƙwalwa an duba. Waɗanda aka same ta a jikinsu, iyalansu sukan ba da labari iri ɗaya: mantuwa, saurin fushi, baƙin ciki marar dalili, rikicewar tunani.

Wanda ya fara tona wannan asiri a zari-rugar Amurka ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya kuma yi aiki a Jos kafin ya tafi Amurka. A 2002 yana aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon ƙungiyar Steelers, wanda ya mutu yana da shekara 50 bayan ya ƙare rayuwarsa a rikice, wani lokaci a mota yake kwana. Da ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Omalu bai yarda ba, ya sa aka yanka ta siriri-siriri aka rina, ya ga ɓarnar a madubin likita. Ya wallafa sakamakon a 2005. Me hukumar NFL, mai shirya gasar ƙwararrun wasan, ta yi? Ta gode masa? Likitocin kwamitinta suka rubuta wa mujallar suna neman a janye binciken. Shugaban wannan kwamiti na buguwar ƙwaƙwalwa, wanda aka kafa tun 1994, likitan ciwon gaɓoɓi ne. Likitan sanyin ƙashi aka ba amanar ƙwaƙwalwar mutane, kuma ba don an rasa ƙwararru a Amurka ba.

Sai a watan Maris na 2016 wani babban jami'in NFL, Jeff Miller, ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Shekara 11 ana musu. A cikin shekarun nan tsohon ɗan wasa Dave Duerson ya harbe kansa a ƙirji a 2011, ya bar wasiyya a binciki ƙwaƙwalwarsa. Junior Seau ya bi bayansa a 2012. Duka biyun an samu cutar. Tsofaffin 'yan wasa sama da 4,500 suka kai ƙara, NFL ta amince a 2013 za ta biya dala miliyan 765, daga baya aka cire iyakar kuɗin. Ko a wajen biyan diyyar sai da aka yi abin kunya: ana amfani da wani ma'auni da ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali ƙarfin tunaninsa bai kai na farar fata ba, saboda haka sai ya nuna lalacewa mai yawa kafin a yarda ya cancanci kuɗi. Sai da tsofaffin 'yan wasa biyu, Kevin Henry da Najeh Davenport, suka shigar da ƙara aka yi watsi da shi a 2021. A ƙarni na 21 ke nan, a wasan da fiye da rabin 'yan wasansa baƙaƙe ne.

Waɗannan mutanen ne suke ce wa iyaye mata ku kwantar da hankalinku, mun gyara wasan yara. Da iyaye suka fara janye 'ya'yansu, NFL ta zuba miliyoyin daloli a wani shiri mai suna Heads Up Football, wanda aka ce yana koya wa yara kayarwa ba tare da sa kai ba. Aka riƙa tara iyaye mata ana yi musu bita, ana shelar cewa bincike ya nuna shirin ya rage raunuka da kashi 76 cikin 100, buguwar ƙwaƙwalwa kuma da kusan kashi 30. A watan Yulin 2016 jaridar New York Times ta je ta karanta ainihin binciken da aka wallafa, ta tarar bai nuna shirin shi kaɗai ya rage buguwar ƙwaƙwalwa ba. Kamfanonin taba sun yi wannan wasan tun da daɗewa, suka liƙa wa sigari auduga a gindi suka ce yanzu ta zama mai sauƙi. Dalilin kuwa a fili yake. Harkar da ke samun sama da dala biliyan 20 a shekara tana buƙatar yara su shigo tun suna ƙanana, don daga cikinsu ake samun 'yan wasan gobe, sauran kuma su zama 'yan kallo har tsufa.

To, wasan ba shi da amfani ne sam? Yana da shi, kuma ba zan rage masa komai ba. A ƙasar da kusan yaro ɗaya cikin biyar ke fama da ƙiba, duk abin da zai raba yaro da kujera da waya ya sa shi gumi abin so ne. Akwai ma wani alheri da wannan wasa ya keɓanta da shi. Yaro mai jiki, wanda ake tsokana a aji, wanda ba a zaɓarsa a ƙwallon kwando ko tsere, a nan shi ne ake nema ruwa a jallo. Girman jikin da ake yi masa dariya a kai ya zama abin alfaharinsa. A unguwannin da iyaye maza suka yi ƙaranci, koci yakan zama uba: shi ke duba sakamakon jarrabawa, shi ke sanin wa bai ci abinci ba, shi ke riƙe yara daga tashin makaranta zuwa magariba, lokacin da titi ke ɗauke su. Yaro yana koyon zuwa a kan lokaci, da jure wahala, da sanin cewa in ya yi sakaci abokinsa ne zai sha duka. A ƙananan garuruwan Teksas daren Juma'a gari ne ke fitowa kaf. Garin Allen ya kashe kusan dala miliyan 60 ya gina wa makarantar sakandarensa filin wasa mai cin mutum 18,000. Wanda bai ga irin wannan ƙauna ba zai yi tsammanin za a iya raba su da wasan da takarda ɗaya.

Akwai kuma binciken da masu kare wasan ke kafa hujja da shi, kuma ba na ƙarya ba ne. A wani bincike na 2017 an bibiyi mutanen da suka gama sakandare a jihar Wisconsin a 1957, aka tarar waɗanda suka buga wasan a makaranta, da suka kai shekara 65 ba su fi sauran matsalar tunani ko baƙin ciki ba. Shi kuma sanannen binciken Dakta Ann McKee ta Jami'ar Boston, wanda ya samu CTE a ƙwaƙwale 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL, ba ya nufin kowane ɗan wasa zai kamu, domin iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar mamatansu. Masu binciken da kansu sun faɗi haka. Miliyoyin Amurkawa sun buga wasan suna samari, sun tsufa da hankalinsu.

Duk na yarda. Amma a cikin amfanin nan da na lissafa, wanne ne yake buƙatar ɗan shekara bakwai ya sha duka 378 a ka? Gumin? Ana yin sa a wasan cirar ƙyalle. Koci mai kula? Yana nan. Abota, horo, riga mai lamba, kofi a ƙarshen kaka? Babu wanda ya ɓace. Abin da kawai ke ɓacewa shi ne ƙarar haɗuwar huluna, kuma wannan ƙarar manyan da ke kan benci take yi wa daɗi. Mutanen Wisconsin ɗin ma 'yan sakandare aka auna, na zamanin da 'yan wasa ba su kai na yau nauyi da gudu ba. Ba su ce komai ba game da yaron da ya fara a shekara biyar, wanda kafin ya shiga sakandare ya riga ya tara kaka tara ta duka. Lissafin kuwa na tarawa ne. Binciken Boston na 2019 ya nuna kowace shekarar wasa tana ƙara yiwuwar kamuwa da cutar da kusan kashi 30 cikin 100, wato tana ninkawa cikin ƙasa da shekara uku. Wani na 2018 ya nuna cewa a cikin waɗanda aka bincika, masu farawa kafin shekara 12 alamun rikicewa sun bayyana musu kusan shekara 13 kafin na sauran. Na 2023 ya fi tayar da hankali: ƙwaƙwale 152 na matasan da suka yi wasannin karo suka mutu kafin shekara 30, an samu cutar a 63, kuma yawancinsu ba su taɓa karɓar albashin wasa ba. 'Yan makaranta ne kawai.

Sai a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in yaro bai koyi kayarwa da wuri ba zai ji ciwo in ya girma, kuma ba zai yi nisa ba. Tom Brady, wanda ya ci kofin Super Bowl sau bakwai, bai fara wasan kayarwa ba sai da ya shiga babbar sakandare. Christian Okoye, ɗan Enugu, jifan faifai ne ya kai shi Amurka, bai taɓa buga wasan ba sai yana da shekara 23, amma a 1989 ya fi kowa a NFL yawan gudu da ƙwallo, yadi 1,480. Jordan Mailata ɗan Ostireliya an ɗauke shi a 2018 bai taɓa buga wasan ko sau ɗaya ba, ya ci Super Bowl da Philadelphia Eagles a 2025. Wannan wasa ne na girman jiki da gudu, abubuwan da ke zuwa bayan balaga. Ɗan shekara takwas bai koyon komai a gware wanda ɗan shekara 14 ba zai koya cikin mako shida ba.

Batun karatu kyauta da arziki kuma, nan ne zuciyata ta fi tafasa, don da shi ake farautar talaka. Samari kusan miliyan ɗaya ke buga wasan a makarantun sakandare. Wajen bakwai cikin ɗari ne ke samun shiga ƙungiyoyin jami'o'in NCAA, kuma ba dukansu ake biya wa karatu ba. NFL kuwa mutum 250 da 'yan kai take zaɓa a shekara, matsakaicin zaman ɗan wasa a cikinta bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba. Masu hali sun iya lissafi. Jaridun Amurka sun yi ta ba da rahoton yadda iyalai masu kuɗi da ilimi ke janye 'ya'yansu zuwa wasu wasannin, ana barin filin ga 'ya'yan marasa ƙarfi, baƙaƙe da farare. Wanzami ba ya son jarfa. Brett Favre, wanda ya yi kaka 20 a NFL, ya fito a wata sanarwa a 2021 yana roƙon iyaye kada su bar yara su yi wasan kayarwa kafin shekara 14. Barack Obama ya ce da yana da ɗa namiji sai ya yi dogon tunani kafin ya bar shi ya buga. Waɗanda suka san cikin abin suna ɓoye nasu, ɗan mai goge-goge a asibiti kuma ana gaya wa uwarsa wannan ce hanyarsa ta fita daga talauci.

An yi ƙoƙarin sa doka. A New York, da Illinois, da Massachusetts, da Maryland, da New Jersey, an gabatar da ƙudurorin hana ƙananan yara wasan kayarwa, babu wanda ya kai labari. Wanda ya fi kusa shi ne na Kalifoniya, na ɗan majalisa Kevin McCarty, mai neman a hana 'yan ƙasa da shekara 12, a hankali cikin 'yan shekaru. A watan Janairun 2024 ya tsallake kwamiti, sai Gwamna Gavin Newsom ya yi wuf ya ce ko an kawo masa ba zai sa hannu ba, yana mai cewa a bar iyaye su zaɓa wa 'ya'yansu. Ranka ya daɗe Gwamna, a jiharka ba a sayar wa ɗan shekara 20 taba. A jiharka laifi ne a yi wa ɗan ƙasa da shekara 18 zanen jiki ko da ubansa ya amince. A jiharka dole ne a ɗaure ƙaramin yaro a kujerarsa ta musamman in ana tafiya a mota, ko iyaye sun so ko sun ƙi. Ina 'yancin iyaye ya shiga a duk waɗannan? Fatar yaro doka ta kare ta daga allura, ƙwaƙwalwarsa kuma an bar wa ra'ayin baba. Shekarar zaɓe ce, kuma babu ɗan siyasar da ke son a ce shi ne ya taɓa abin da Amurkawa suka mayar kamar addini. A watan Agustan 2024 ɗin yaro ɗan shekara 13 ya mutu a West Virginia bayan ya bugu a ka wajen atisaye, wani ɗan shekara 16 ya mutu a Alabama bayan an kayar da shi a wasa.

Masu cewa doka za ta kashe wasan ba su san tarihinsa ba. A 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa, aka sauya dokoki, a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba. Wasan bai mutu ba, sai ma ya fi farin jini. Kuma ku dubi yadda manya ke kare kansu yau. Tun yarjejeniyar 2011, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan NFL ta ƙayyade atisayen da ake yi da cikakken sulke zuwa sau 14 kacal a duk tsawon gasar shekara. Jami'o'in Ivy League sun daina kayarwa a atisayen kakar wasa tun 2016. Wasan taurari na Pro Bowl kuwa, tun 2023 cirar ƙyalle ake yi, don kada attajiran 'yan wasa su ji ciwo a banza. Ƙato mai kilo 140 da lauya da wakili ya ce a rage masa gware, an rage. Ɗan firamare ba shi da ƙungiyar ƙwadago, sai abin da wani maƙwabci mai usur ya ga dama ranar Talata da yamma.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, ga namu matsalolin. Ruwanmu yana nan tafe. NFL ta buɗe sansanin neman matasa a Ghana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024, kuma tsohon ɗan wasanta Osi Umenyiora ne ya ja ragamar. Yara ƙanana cirar ƙyalle suke koya musu, wadda za ta shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Madalla, su tsaya a nan. Ranar da wani ya sauko da kwantenar tsofaffin hulunan kwano ya ce zai kafa gasar 'yan firamare a Kano ko Yamai, a wuraren da sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, a kore shi. Kada kuma mu yi dariyar Amurkawa da yawa. Wani bincike na Jami'ar Glasgow a 2019 ya gano tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa na Sikotilan sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015, Ingila ma ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara a 2024. Mu kuwa a filayen unguwa koci yana jera yara yana cilla musu ƙwallo mai tauri su yi ta nodin har sai kai ya yi zafi. In an ce ai muna da dambe, amsata ba ta sauya ba: wanda ya naɗa wa ɗan shekara bakwai zare a hannu ya tura shi fage don a yi masa liƙi, shi da kocin Massachusetts jirgi ɗaya ya kwaso su.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Bronx ko Houston ko Maryland su ne abin ya fi shafa yanzu, don 'ya'yansu ne ke dawowa gida da takarda a jaka, suna cewa Baba ka sa mini hannu, duk abokaina sun shiga, koci ya ce ina da jiki. Ga yaro yana son a daina kallonsa a matsayin baƙo, ga uba ba ya son ya zama shi ne mai hanawa kullum. Ku tambayi makarantar ko akwai cirar ƙyalle, yawanci akwai. In ya kai shekara 14, wuya ya yi ƙwari, ya iya fahimtar abin da ake gaya masa, sai ku zauna ku yi maganar da shi, ku tambaya ko akwai ma'aikacin lafiya a bakin fili da kuma sau nawa ake karo a mako. Kafin nan, ku juya takardar ku karanta sakin layin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a saman wurin sa hannu, inda aka ce kun san yaronku zai iya samun mummunan rauni, ko shanyewar jiki, ko mutuwa, kuma kun yafe kai ƙara. Lauyoyin ƙungiyar ne suka rubuta wannan wurin, kuma sun fi kocin faɗin gaskiya.